Tanwir Gondal, Kakakin Masaƙa Mai Nauyin Baki

A layin teloli na unguwarmu, nan Faisalabad, in ka ce ɗan Master Inayat ya zama kakakin masaƙa, ba wanda zai yi mamaki sai ka faɗi wanne daga ciki. 'Ya'yan Master Inayat tela maza huɗu ne, uku kuma da bakinsu a buɗe suka zo duniya. Babban dillalin babura ne, zai iya sayar maka da babur ɗin da kai ka kawo masa. Na biyun yana kiran fasinja a tasha, tun daga kan gada ake jin muryarsa. Autan kuwa, in ya tsaya gaishe ka sai ka nemi wurin zama. Tanwir, na ukunsu, shi ne wanda in an shimfiɗa abinci sai an ƙirga kawuna kafin a tabbatar yana nan.

Yana ɗan shekara huɗu uwarsa, Sughra Bibi, ta kai shi wurin likita a duba masa harshe. Likita ya leƙa baki, ya leƙa kunne, ya tambayi mutum nawa ne a gidan, sannan ya ce, "Bibi, ɗanki lafiyarsa ƙalau. Fili ne bai samu ba."

Har ya girma bai samu filin ba. Amma tun yana sakandare unguwa ta gano cewa hannunsa yana magana. Duk wanda aka yanke wa gas, ko kwatar ƙofar gidansa ta toshe, wurin Tanwir yake zuwa. Mutum ya zauna ya yi ta kumfar baki rabin awa, Tanwir na saurare, can sai ya miƙo masa takarda mai layi shida, ba zagi ko ɗaya, amma duk akawun da ya karanta sai kunya ta kama shi.

Burin Master Inayat ya ga ɗansa cikin farar riga a bayan kantar sayar da magani. Makin jarrabawa bai kai ba. Ranar neman gurbi a jami'a, Tanwir ya bi layin da ya fi gajarta, don bai iya tambayar kowa wane layi ne na mene ba. Da ya isa taga, akawu ya nuna wani wuri a takarda da bakin biro ya ce, "Sashen jarida, ɓangaren hulɗa da jama'a, akwai gurbi. Shi kake so?" Tanwir ya sunkuyar da kai don ya ga inda aka nuna. Akawu ya ɗauka amsa ke nan, ya buga hatimi, ya ce, "Na gaba."

Da ya kai labari shago, Master Inayat ya tsayar da keke, ya cire alluran da ke bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Hulɗa da wa?"

"Da jama'a, Abbu."

"Shekara talatin ina hulɗa da jama'a a shagon nan. Ranar jajibirin salla mutum ashirin ke tsaye a kaina, kowa an yi masa alkawari, ko wuyan rigarsa ban yanka ba, amma kowa da dariya yake fita. Wa ya ba ni digiri? Kai kuma sai ka yi shekara huɗu kafin ka koya?"

Babban wansa, dillalin babura, ya riƙe ciki. "Abbu, wannan da ko sallama sai an roƙe shi! Jama'ar ai za su yi ta jira."

Sughra Bibi ce kaɗai ta tsaya masa. Ta shafa kansa ta ce, "Ku ƙyale min ɗa. Je ka, puttar, ɗana. Wataƙila a can akwai wanda zai yi shiru ya ji ka."

A jami'a ya faɗa hannun Madam Nuzhat, wata gajeriyar mata mai tabarau da sarƙa a wuya, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana magana da yawun wani kamfanin jiragen sama kafin ta gaji da ba da haƙuri ta koma koyarwa. Ita ta koya musu yadda ake rubuta sanarwa ga manema labarai, yadda ake shirya taro, inda ake sa kujerar babban baƙo da inda ake ɓoye mai dogon jawabi, da abin da ake faɗa ranar da gobara ta tashi a kamfani. Kowace Alhamis kuma ɗalibi zai tsaya gaban aji ya yi magana minti uku.

Ranar da layi ya zo kan Tanwir, ya fito, ya riƙe tebur da hannu biyu, ya ce, "Assalamu alaikum." Aji ya amsa da ƙarfi. Daga nan ba abin da aka ƙara ji sai ƙarar fanka. Madam Nuzhat ta bar agogo ya cinye minti ukun cif, ta ce, "Sallamar ta yi kyau, Gondal. Sati mai zuwa sai mu ji sauran."

Sauran bai zo ba, ba a sati mai zuwa ba, ba a shekara mai zuwa ba. Amma in aikin rubutu ne, takardarsa take ɗagawa ta karanta wa aji. Wata rana ta tsayar da shi a bakin ƙofa ta ce, "Mutum arba'in gare ni a ajin nan. Talatin da tara jira suke mai magana ya ja numfashi su shiga. Kai kaɗai kake jin abin da ake faɗa. Ban san kasuwar da ake sayen wannan ba, amma kada ka yar da shi."

Shugabar talatin da taran nan ita ce Farhat, 'yar wani mai shagon littattafai, wadda ba a taɓa tsayar da ita a minti uku ba sai da ƙararrawa. A shekarar ƙarshe aka haɗa su aiki ɗaya, shi ya rubuta, ita ta gabatar, suka zo na ɗaya. Bayan shekara biyu uwarta ta kawo ɗinki shagon Master Inayat, ɗinkin da ba ta bukata, aka sha shayi, magana ta kai inda ake so ta kai. Har yau in an tambayi Farhat me ta gani a jikinsa, cewa take, "Shi kaɗai ne namijin da bai taɓa katse ni ba."

Da aka gama karatu ajin ya watse. Masu baki da dogon buri suka nufi Lahore, kamfanonin talla da gidajen talabijin. Wani ya samu aikin riƙe wa ɗan siyasa waya. Wata ta tafi babban otal tana tarbar baƙi. Farhat ta shiga gidan rediyo, inda ake biyan ta don ta yi abin da take yi kyauta tun tana goye. Rabin ajin suka koma shagunan iyayensu da digiri a cikin firam. Tanwir ya yi wata takwas yana kai takardu, kuma duk inda aka kira shi ganawa, da ya zauna aikin ke tashi.

Sai a masaƙar Malik Shaukat, inda ake saƙa zannuwan gado a rina su a tura ƙasashen waje. Malik Sahib, kamar yadda ake kiransa don girmamawa, da kansa ya yi ganawar. Ya tambaye shi sunansa, daga nan ya shiga ba shi labarin yadda ubansa ya fara da tukunyar rini guda a bayan kasuwa, da yadda shi ya mayar da tukunyar masaƙa mai ma'aikata dubu. Minti arba'in yana yi, Tanwir na gyaɗa kai a inda ya dace. Da ya gama ya juya wurin manaja ya ce, "Yaron nan akwai hankali. Na daɗe ban yi hira mai daɗi haka ba. A ba shi ofis."

Ofishin yana ƙarƙashin matakala, amma an rubuta a ƙofarsa: Jami'in Hulɗa da Jama'a. Aikin kuwa, buga kalandar shekara, da mujallar ma'aikata mai shafi goma sha biyu wadda hoton Malik Sahib ke fitowa sau goma sha huɗu a cikinta. Sai sayo sarƙar furanni in masu sayen kaya za su zo daga Turai, da rubuta jawabin ranar rabon kekuna, da ta'aziyya in wani babba ya rasu. Shekara tara yana wannan. Wani lokaci, yana zaɓen hoton da tumbin Malik Sahib bai fito sosai ba, yakan tuna darasin ranar gobara, ya ce a ransa wannan kam an koya masa ne don jarrabawa. Bai yi ƙorafi ba. Ya sayi babur a hannun wansa, ya haifi 'ya'ya mata biyu, duka suka ɗauko bakin uwarsu.

Ranar tasa ta zo ba da wuta ba, da agwagi.

Bayan katangar masaƙa akwai magudanar da ke gangarawa ta bi ta gefen Cak Sittin da Ɗaya, ƙauyen manoma masu kiwon ɓakane don madara. Injin da ke tace ruwan rini kafin a sake shi ya lalace, kuma da yake ana sauri a cika wata babbar oda, aka ce a ci gaba, a gyara daga baya. Wata safiya fararen agwagin wata tsohuwa, Masi Barkate, wato Inna Barkate, suka shiga magudanar su goma sha ɗaya, suka fito ruwan hoda gaba ɗaya, kamar an shirya su zuwa biki. Wani ya ɗauke su a waya suna tafiya a jere, katangar masaƙa da sunanta a bayansu. Kafin azahar duk garin ya gani. Farhat ta kira shi daga gidan rediyo.

"Gondal Sahib, agwaginku sun fi ka suna. An ce in tambayi kakakin kamfani. In ce ya yi sallama, sauran sai sati mai zuwa?"

Malik Sahib ya kira shi sama. Manaja da lauya na zaune, 'yan jarida kuma sun fara taruwa a bakin ƙofa.

"Ka rubuta ka ce ba ruwanmu," in ji Malik Sahib.

Tanwir ya dubi takalminsa. "Malik Sahib, ai ruwan namu ne."

"Na tambaye ka? Masaƙa nawa ce a hanyar nan? Ka rubuta, ka kai wa mutanen ƙauyen kwafi, ka karanta musu. Ba aikin da ka yi wa digiri ke nan ba?"

Ya rubuta, don rubutu ba ya ba shi wuya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya hau babur ya zagaya bayan katangar da shekara tara bai taɓa zagayawa ba.

A ƙofar gidan Masi Barkate ya tarar da rabin ƙauyen. Maza na zaune suna zagaya tukunyar taba, agwagin na kiwo a tsakiya ba abin da ya dame su. Da aka ji daga masaƙa yake, aka ja masa gadon igiya, ba don girmamawa ba, don kowa ya gan shi da kyau. Masi Barkate ta fito. Doguwa ce, ƙasusuwa zalla, ta haura saba'in, kuma a ƙauyen an san ko mai unguwa ya hango ta yakan tuna yana da aiki a gona.

"Kai ne bakinsu?" ta ce.

"Ni ne, Masi."

"To buɗe kunnenka."

Ta fara. Ta faro daga agwagi, ta gangara kan Malik Sahib, da ubansa, da tukunyar ubansa wadda ta ce ta san ta tun tana yarinya kuma ko a lokacin wari take. Tanwir ya kai hannu aljihu zai ciro sanarwar, sai yatsunsa suka taɓo ɗan littafinsa na rubutu. Shi ya ciro. Duk inda ta tsaya ta ja numfashi tana jiran ya musa, don ta samu abin takawa ta hau, sai ta ga ya ɗago kai da biro a hannu yana jiran ci gaba. Ta saba da mai gardama, ta saba da mai gudu. Mai zama ya rubuta ne ba ta taɓa gani ba.

Bayan awa guda ta ce, "Me kake ta zanawa?"

"Abin da kike faɗa, Masi."

"Har da zagin?"

"Shi na bar shi a kaina."

Wani dattijo ya ƙware da hayaƙi don dariya. Masi Barkate ta harare shi, ta ci gaba, amma muryar ta sauka. A nan ne Tanwir ya fara jin abin da ba a ɗauka a waya ba. Agwagin ba su dame ta ba, gashi ne, zai zube wani ya fito. Famfon hannu na bakin magudana ne ruwansa ya canja ɗanɗano wata uku da suka wuce. Jikokinta biyu duk jikinsu ƙuraje. Gonar ciyawar maƙwabcinta ta ƙone daga gefen ruwa, ɓakanensa sun rage nono. Sau huɗu mazan ƙauyen suna zuwa ƙofar masaƙa, sau huɗu maigadi na ce musu wanda ke kula da irin wannan ba ya nan.

"Wa ke kula da irin wannan?" ta tambaye shi.

Ya ce, "Ni ne, Masi. Ba a taɓa gaya min kun zo ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba."

Sannan ta juya ta ce wa surukarta, "Kawo wa wannan lassi, nonon nan mai sanyi, kafin ya faɗi a ƙofar gidana a ce ni na kashe shi."

Kwana uku yana komawa. Ya bi gida gida, ya ɗanɗana ruwan famfo ya tofar, ya ga ƙurajen yaran da idonsa. A masaƙa yana cewa ana kan tattaunawa, wanda kuma ba ƙarya ba ne, sai dai ɓangare ɗaya ke yin ta. Sanarwar tana aljihunsa har ta yi laushi da gumi. A gida ya kasa cin abinci. Farhat ta lura, kuma a karo na farko tun aurensu ta zauna gefensa ba ta ce komai ba, har kusan minti biyu.

"Za su kore ka," ta ce daga ƙarshe.

"Wataƙila."

"To su kora. Ina da baki, ba za mu kwana da yunwa ba."

Rana ta uku, zai tafi, Masi Barkate ta cafko agwagwa ɗaya ta ɗaure mata ƙafa ta danƙa masa. "Kai wa ubangidanka. In ba ruwansa, ya faɗa mata da bakinsa."

Haka Tanwir Gondal ya ratsa ƙofar masaƙa, ya wuce maigadi, ya wuce akawuna, ya hau matakala da agwagwa ruwan hoda a hammata. Ba wanda ya tsayar da shi, don ba wanda ya san abin da ake cewa a irin wannan hali. Ya ajiye ta a kan teburin Malik Sahib, tsakanin waya da kofin shayi.

Malik Sahib ya buɗe baki zai yi tsawa, sai idonsa ya tsaya a kan fiffiken. Ɗan marini ne, kafin ya zama komai. Ya sa tabarau, ya ɗaga gashin da yatsa, ya duba ƙasansa.

"Rini lamba goma sha bakwai," ya ce a hankali. "Na odar Jamus." Ya ƙara dubawa, kuma duk da halin da ake ciki sai da ya ce, "Ya kama kuwa. Ko dabbare babu."

Sai ya tuna da lauya na zaune, ya yi gyaran murya. Amma magana ta riga ta fita, kuma a cikin shirun da ya biyo baya Tanwir ya samu filin da likita ya ce bai samu ba. Ya yi jawabi mafi tsawo a rayuwarsa. Manaja, wanda ya ba mu labarin, ya ce ya ƙirga, bai wuce jimla bakwai ba. Tanwir ya ce duk marinin da ke garin nan zai gane launin kamar yadda Malik Sahib ya gane. Ya ce in an musa yau, gobe wani zai kai ruwan a auna, a wayi gari ana da laifi biyu maimakon ɗaya. Ya ce mutanen ƙauyen ba sa neman a rufe masaƙa, 'ya'yansu goma sha tara ke aiki a cikinta. Ya ajiye ɗan littafinsa kusa da agwagwar ya ce, "Yara ne ke shan ruwan, Malik Sahib. Waccan takardar da ka sa na rubuta ba zan iya karanta ta ba."

"Fita," in ji Malik Sahib. "Ka ɗauke min wannan abar."

Ya ɗauki agwagwa ya fita, ya bar littafin. Kwana biyu yana zaune a ƙarƙashin matakala yana jiran takardar sallama, agwagwar na cikin kwali a gefensa tana cin gutsattsarin gurasar roti. Abin da ya faru a sama ba mu sani ba. Wasu sun ce Jamusawan ne suka ga hoton suka yi waya. Wasu sun ce Malik Sahib ya karanta littafin har ƙarshe, ya ga sunan wani dattijo da suka yi wasan ƙasa tare. Mai yiwuwa duka biyun ne. Rana ta uku da hantsi aka ce a jera kujeru, a kira 'yan jarida.

"Kai za ka yi maganar," Malik Sahib ya ce masa. "Tunda kai ka jawo."

An sa masa lasifika bakwai a gaba. A can layin teloli Master Inayat ya tsayar da keke, maƙwabta sun cika shagon suna kallon talabijin. Tanwir ya riƙe tebur da hannu biyu. Ya yi sallama. Aka amsa. Shiru ya biyo baya, har babban wansa ya dafe kai ya ce shi ke nan, an gama da mu. Sai aka ji ya ce:

"Ruwan namu ne. Injin tacewa ya lalace, muka ci gaba da aiki, kuma bai kamata ba. An tsayar da rini daga yau har sai an gyara. Gobe likita zai je ƙauyen, za a kuma haƙa musu sabuwar rijiya nesa da magudana. Muna ba mutanen Cak Sittin da Ɗaya haƙuri."

Ya saki tebur. 'Yan jarida suka dubi juna. Sun zo da tambayoyi masu kaifi, sun wasa su kwana biyar, ga shi ba abin sara. Wani ya daure ya ce, "To agwagin fa?" Tanwir ya ce, "Goma suna gida. Ɗaya tana ofishina, yau zan mayar da ita." Aka fashe da dariya, taro ya tashi. Washegari labarin ya koma shafi na bakwai, bayan kwana biyu ya ɓace.

A shago Master Inayat ya mayar da allurai baki, ya taka keke, ya ce ta gefen leɓe, "Shekara huɗu a jami'a don ya koyi cewa a yi haƙuri." Amma a satin duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin, kuma kowace rana jawabin na ƙara tsawo.

Ba komai ne ya gyaru nan take ba. Rijiya ta samu, ƙurajen yara suka warke, gonar ciyawa kuwa sai da ta yi shekara biyu kafin ta dawo. Malik Sahib ya cika abin da aka faɗa da sunansa, amma bai taɓa yafe wa Tanwir gaskiyar da ya yi a gaban lauya ba. Bayan wata shida ya ɗauko wani matashi daga Lahore mai ƙyallin takalmi, aka ba shi ofis mai taga, aka bar wa Tanwir kalanda. Tanwir ya buga kalandar shekarar, ya tabbatar ranakun salla sun zauna daidai, ya ajiye aiki. Madam Nuzhat, wadda ta yi ritaya amma ba ta daina karanta jarida ba, ita ta haɗa shi da wani asibitin ido na taimako a bakin gari, inda ake cire wa talakawa yanar ido kyauta kuma ake neman wanda zai riƙa shiga ƙauyuka yana shawo kan tsofaffin da ke tsoron wuƙa.

A can yake har yau, furfura ta fara cin gefen kansa. Teburinsa a bakin ƙofa yake, shi ya roƙi a sa shi a nan. Rabin sati yana kan babur daga ƙauye zuwa ƙauye, rabin sati yana zaune, duk mai ƙorafi wurinsa ake turo shi.

A bara wata tsohuwa ta shigo tana jan mijinta da hannun riga, wata biyu bayan an yi masa aiki. Ta tsaya gaban teburin ta ce, "Kai ne mai karɓar ƙara? To ku mayar masa da yanarsa."

Tanwir ya ja mata kujera. "Me ya faru, Masi?"

"Shekara shida muna zaune lafiya. Abin da na ba shi yake ci, ya gode wa Allah. Yanzu fa? Akwai tsakuwa a shinkafa. Ba a share bayan ƙofa ba. Wannan ɗankwalin ba shi ne na bikin wance ba, har yanzu shi kike sawa? Jiya har cewa ya yi na tsufa!"

"Ban ce kin tsufa ba," in ji tsohon. "Cewa na yi ban bar ki haka ba."

Tanwir ya bar ta ta juye duka. Yana saurare yana kallon yadda take lalubar bakin tebur kafin ta ajiye jaka, da yadda take magana da kafaɗarsa maimakon fuskarsa. Da ta gama ya ce, "Mayarwa ba ma iyawa, Masi. Amma ki bari likita ya duba naki idon, ke ma ki ga abin da za ki faɗa."

Ta juya wajen da take jin numfashin mijin. "Za a gan shi sosai?"

"Tar."

Aka sa mata rana. Bayan sati shida suka dawo a duba ta, wannan karon ita ce a gaba, ba ta riƙe da kowa. Ta tsaya a teburin Tanwir ta ajiye masa ƙullin rake da ta yanka gunduwa gunduwa. Tsohon na biye da ita, kansa a ƙasa, gemunsa an daidaita shi, rigarsa sabuwa fil.

"Yaya ido, Masi?"

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe shekara shida da riga a birkice yake zuwa masallaci, ba wanda ya gaya min."